Ƙarfin Tunawa da Yadda Mutum Ke Kimanta Amfanin da Ke Gaba

Hausawa na cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa haka ƙwaƙwalwa take aiki: duk yadda amfanin abu ya yi nisa, haka darajarsa ke raguwa a idon mutum. Wannan ya shafi lafiyarka kai tsaye. Daɗin sigari ko lemon kwalba yanzu kake jin sa, amma ribar shan maganin hawan jini, wato kauce wa shanyewar ɓarin jiki, sai bayan shekaru take bayyana.

Mene ne haɗin tunawa da wannan?

A cikin ƙwaƙwalwa, daura da kowane kunne, akwai wani ɗan sashe da ake kira hifokamfas, wanda ke taimakawa wajen adana abubuwan da suka faru da kai. Da wannan sashen kake amfani idan za ka hango gobe, domin ƙwaƙwalwa kan tsinto wurare da fuskoki daga abin da ya wuce ta haɗa hoton abin da ke tafe.

A 2007, masu bincike a Landan, Demis Hassabis da Eleanor Maguire da abokan aikinsu, sun nuna cewa yawancin majinyatan da suka gwada masu lalacewar wannan sashe ba sa iya tsara hoton sabon yanayi a ransu yadda ya kamata. A 2010 kuma, Jan Peters da Christian Büchel a Hamburg ta ƙasar Jamus sun ba mutane zaɓi tsakanin yuro 20 nan take ko kuɗi mafi yawa nan gaba. Da aka tuna musu wani abu da suka shirya yi a ranar da kuɗin zai zo, sai suka fi yarda su jira.

Akwai kuma tunawa ta ɗan lokaci, irin wadda kake riƙe lambar waya da ita kafin ka rubuta. Da ita kake auna zaɓi biyu a lokaci guda, kuma bincike ya nuna masu ƙarfinta sun fi iya jira.

Sai dai tunawa ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Yunwa, matsin rayuwa da rashin tabbas duk suna sa mutum ya rungumi na yau. Wanda bai san abin da iyalinsa za su ci gobe ba, ba rashin haƙuri ne ke damun sa ba.

Me za ka iya yi?

Likitoci sun lura cewa fifita daɗin yanzu ya fi yawa a tsakanin masu shan sigari, masu shaye-shaye da masu ƙiba. A 2013, wani bincike a Jami'ar Buffalo ta Amurka ya gano cewa mata masu ƙiba da aka sa su hango wani abin farin ciki da ke gabansu sun ci abinci ƙasa da waɗanda ba a sa ba. Ga yadda za ka gwada:

- Zaɓi rana takamaimai, kamar ɗaurin auren 'yarka ko tafiyarka aikin Hajji. Cewa "ina son lafiya" kawai bai isa ba.
- Hango ta dalla-dalla: ina kake, wa ke gefenka, kana tafiya da ƙafarka ko ana riƙe ka?
- Rubuta ta a taƙaice, ka ajiye kusa da maganinka, ka duba ta lokacin da sha'awar sigari ko zaƙi ta taso.
- Rage wa ƙwaƙwalwarka nauyi: haɗa shan magani da abin da ba ka mantawa, kamar sallar asuba, ko ka sa ƙararrawa a waya.
- Samu isasshen barci, domin a cikinsa tunawa ke ƙarfafa.

Wannan dabara taimako ce, ba ta maye gurbin magani ko shawarar likita.

Yaushe za a ga likita?

Idan wani naka, musamman dattijo, ya fara yawan mantuwa tare da ɓarnatar da kuɗi, barin magani ko sauyin hali, kada a ce tsufa ne kawai. A kai shi asibiti, domin wasu dalilan, kamar ƙarancin bitamin B12, ciwon damuwa ko matsalar ƙwayar maƙogwaro mai sarrafa sinadaran jiki, ana iya magance su idan an gano da wuri.