Lokacin da Telbijin Ta Shiga Aji: Tarihin Télé-Niger

Ƴan uwa ɗalibai, yau in ana zancen kai intanet da kwamfuta cikin aji, sai ka ɗauka sabon abu ne fil. Alhali ƙasarmu ta gwada irin wannan tun kafin a haifi iyayen wasunmu.

Lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba, malamai kuma ƙalilan ne. A 1964, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka kafa telbijin ta makaranta da ake kira Télé-Niger, da kuɗi da ƙwararrun Faransa. Dabarar ita ce: tunda babu ƙwararren mushe a kowane ƙauye, to a shirya darasi a Yamai, a watsa shi zuwa azuzuwa. Gwajin ya kai ga aji ashirin da ƴan kai a kewayen Yamai, da yara wajen 800. Kowane shiri bai wuce kwata na awa ba, ana nuna ƴan kaɗan a yini. In an kashe akwati, sai mai kula da aji, wanda galibi sartifika ta firamare kawai gare shi, ya ci gaba da aiki da yara bisa takardar da aka aiko masa. Da yake ƙauyuka ba su da kuran, daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara kunna wasu akwatunan da hasken rana.

Gaskiya abin ya yi rawar gani. Yaron da bai taɓa wuce kasuwar ƙauyensu ba ya ga hoto mai motsi, ya ga wasu garuruwa da wasu sana'o'i. Labarin ya kai ƙasashen waje, har Kodebuwa ta buɗe nata shirin a Buwake a 1971.

To me ya sa abin bai ɗore ba? Na farko, tsada: kuɗi da kayan gyara da ƙwararru galibi daga waje suke zuwa, kuma mai hannu a aljihun wani ba ya da ta cewa. Na biyu, shirin bai taɓa kai ga yawancin makarantun ƙasa ba. A ƙarshen shekarun 1970 aka naɗe tabarmarsa, telbijin ta ƙasa, Télé-Sahel, ta gaji wurin. Ita ma Kodebuwa ta rufe nata a farkon shekarun 1980.

Akwai dalili na uku da ya fi damun mu masu nazarin harshe. Akwatin nan da Faransanci kaɗai yake magana, kuma shi ke faɗa, yara na saurare. Yaro ya koma gida da abin da ya gani, amma ba shi da kalmomin da zai ba innarsa labari da Zabarmanci ko Hausa. Shi ma ba shi da hanyar aika wa duniya nasa zancen. A daidai wannan zamani, a 1973, aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram inda ake soma karatu da Hausa. Alli da allo ne kawai kayanta, amma daga gare ta makarantun harshe biyu suka samo asali.

Yanzu salula ta shiga aljihunmu, kuma ta fi akwatin 1964 da abu guda: ana iya mayar da amsa. In aka kawo mana na'ura a aji, kada mu tsaya ga murna. Mu tambaya wa zai biya gyara in baƙi sun tafi, da wane harshe za a koyar, kuma me yaranmu za su ɗora a ciki. Ɗalibin Tawa ko Maraɗi da ya naɗi tatsuniyar kakarsa, ya rubuta ta, ya aika wa takwaransa a Kano ko Kumasi, ya yi abin da Télé-Niger ba ta taɓa ba kowa damar yi ba.