Angurya da Bini-da-zugu: Tarihin Neman Man Inji Daga Gona a Garuwa

Tunanin tatso man inji daga tsiro ya girmi kasuwar fetur ta yankin Binuwai na arewacin Kamaru. A bikin baje kolin Paris na shekarar 1900 an kunna injin dizal da man gyaɗa, kuma gwamnatin Faransa ta yi sha'awar abin saboda gyaɗar da ake nomawa a ƙasashen Afirka da take mulka. Arahar man ƙasa ta danne maganar shekaru da dama.

A arewacin Kamaru, tushen masana'antar mai shi ne auduga. Kamfanin Faransa mai suna CFDT ya soma yaɗa nomanta a farkon shekarun 1950, sannan a 1974 aka kafa Sodecoton, mai hedkwata a Garuwa, wanda gwamnati ke da kaso mafi tsoka a cikinsa. Bayan an gurje auduga, angurya ta fi zaren nauyi. Masana'antun kamfanin na Garuwa da Marwa suna matse ta su fitar da man girki mai suna Diamaor, tunkuzar kuma ta tafi ga masu kiwon shanu. Wato tun kafin kowa ya yi zancen makamashi, ƙwayar angurya tana da masaya biyu: uwargida da makiyayi.

Zancen ya taso da ƙarfi ne a tsakiyar shekarun 2000, lokacin da ɗanyen mai ya yi ta hauhawa har ganga ta kai kusan dala 147 a watan Yulin 2008. Garuwa tana da dalilin damuwa fiye da garuruwan gaɓar teku. Matatar Sonara tana can Limbe, man kuwa sai ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare, sannan tankoki su ƙarasa da shi arewa. Sodecoton, mai ɗimbin manyan motocin kwasar auduga daga ƙauyuka, ta gwada man angurya a matsayin abincin injuna. Ta fuskar fasaha abin yana yiwuwa. Cikas ɗin yana kasuwa: litar man girki ta fi litar dizal tsada, ga shi gwamnati tana tallafa wa farashin dizal, don haka ƙona man a inji asara ce ko da injin bai yi tari ba.

A daidai wannan lokaci hankalin masu zuba jari na duniya ya koma kan bini-da-zugu, itacen da manoman yankin suka daɗe suna shinge da shi saboda dabbobi ba sa cin sa. An tallata shi a matsayin tsiron da zai ba da mai a fako, ba ruwa ba taki, kuma ba zai taɓa abincin mutane ba. Kamfanin D1 Oils ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan a 2004 da wannan alkawari, ya ƙulla haɗin gwiwa da kamfanin mai na BP a 2007. Kafin ƙarshen 2008 gangar mai ta faɗo ƙasa da dala 40, a 2009 BP ta janye, a 2011 kuma kamfanin noman bini-da-zugu na Sun Biofuels ya durƙushe a Tanzaniya, ya bar ƙauyawan da suka ba da filayensu ba gona ba aiki. Wannan ɓangare na labarin ya fi asarar masu hannun jari ciwo, domin masu hannun jarin sun shiga da sanin kasada.

Abin da gonaki suka nuna shi ne itacen yana rayuwa a fako amma ba ya 'ya'ya sosai sai da ruwa da ƙasa mai kyau, wadda masara da dawa ke nema. Yana ɗaukar shekaru kafin ya ba da cikakken amfani, 'ya'yansa ba sa nuna lokaci guda, sai an yi ta tsinka da hannu. Tunkuzarsa kuma tana da guba, ba a ba shanu, alhali a ƙasar makiyaya irin ta Binuwai tunkuza tana ɗauke wani yanki na kuɗin matsa.

Akwai kuma abokin gasa da lissafin ofis bai cika ambata ba: zuwa-zuwa, fetur ɗin Najeriya da ake shigowa da shi ta kan iyaka ana sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin titi. Shekaru da yawa shi ne ma'aunin arahar mai a Garuwa, har Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 farashinsa ya yi sama.

Daga wannan tarihi ne mai auna ƙaramin kamfanin makamashi don zuba jari ke samun tambayoyinsa. Yakan duba ko ribar da aka lissafa za ta tsaya idan ɗanyen mai ya faɗi da rabi, kamar yadda ya faru a 2008 da kuma 2014 zuwa 2015. Yakan nemi ganin abin da aka girbe aka auna a gonar kamfanin, ba ƙiyasin takardar talla ba, ya kuma san wanda zai sayi man da tunkuzar, da ko kasuwar abinci za ta fi biyan kuɗin ƙwayar. Sai batun fita: hannun jarin kamfanin da ba ya cikin kasuwar BVMAC ta Duwala yana da wuyar sayarwa, mai shi yakan jira har sai ya sami wanda zai karɓa da yardar sauran abokan tarayya.