Yadda kiran bidiyo ya daɗe yana neman masu saye

Kamfanonin sadarwa sun shafe shekaru fiye da saba'in suna tallar kiran da ake ganin fuskar juna, jama'a kuma suna kallo suna wucewa. Jamusawa ne suka fara gwada kasuwar. A 1936 hukumar gidan waya ta Jamus ta buɗe layi tsakanin Balin da Leipzig, inda mutum zai je ofis ya shiga wani ɗan ɗaki, abokin maganarsa ya shiga nasa a ɗaya garin. Yaƙin duniya na biyu ya zo ya kashe zancen.

Amurkawa suka ɗauka da ƙarfinsu. Kamfanin AT&T ya nuna na'urarsa mai suna Picturephone a bikin baje kolin duniya na New York a 1964, ya kafa rumfunan kira a New York da Washington da Chicago. Minti uku dala 16 ne zuwa 27, gwargwadon nisa. A 1970 aka fara sa na'urar a ofisoshi a Pittsburgh, kan dala 160 a wata. Masu saye ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Tsada ta taka rawa, amma akwai abin da ya fi tsadar: in ka saya, wa za ka kira? Na'urar ba ta da amfani sai wanda kake nema shi ma yana da irinta.

Da wayar salula ta zo, sai aka ce to, yanzu kam lokaci ya yi. A 1999 Kyocera na Japan ya fitar da waya mai kyamara a gaba, wadda ke aika hoto biyu kacal a daƙiƙa. A Oktoban 2001 NTT DoCoMo ya buɗe layin 3G a Japan, kiran bidiyo na cikin manyan abubuwan da yake taƙama da su. A Turai kuwa an riga an yi ɓarin kuɗi. Gwanjon lasisin 3G na Birtaniya a 2000 ya tara fam biliyan 22.5, na Jamus a shekarar kuma kimanin yuro biliyan 50. Dole a nemo hanyar mayar da wannan dukiya, kuma kiran bidiyo ne abin da ya fi sauƙin nunawa a talla. Kamfanin 3 ya fara aiki a Birtaniya a Maris na 2003 da wannan alkawari a gaba.

Nan ma shiru. Ana cajin kiran da minti, ya fi na murya tsada. Hoton yana bin ƙaramar hanya mai kilobit 64 a daƙiƙa, saboda haka fuska kan fito dishi-dishi, tana tsayawa tana tafiya. Sai ku biyun duka kuna da wayar 3G, kuma kuna inda sabis ɗinta ya kai. Batir ba ya jurewa. Ga kuma miƙa hannu gaba a tsakiyar titi, lasifika a buɗe, kowa na jin sirrinka.

A ganina akwai dalilin da masu lissafin kamfanonin suka kasa hangowa. Rabin daɗin waya shi ne ba a ganinka. Mutum na kwance a gado ya ce "ga ni nan a hanya", magana ta wuce. Kyamara ta zo ta tona wannan asiri, kuma aka ce a biya ƙarin kuɗi a kai! Jama'a suka koma wa saƙon tes, wanda ba a taɓa yi wa talla mai yawa ba. Waɗanda suka rungumi kiran bidiyo tun farko su ne kurame, musamman a Sweden, domin a karon farko sun iya hira da yaren hannu ta wayar aljihu. Kyamarar gaban kuwa, da aka sa don kira, sai ta zama ta ɗaukar hoton kai.

Sauyin daga wani gefe ya ɓullo. Skype, wanda aka kafa a 2003, ya ƙara bidiyo a ƙarshen 2005, kyauta tsakanin kwamfuta da kwamfuta. Apple ya kawo FaceTime tare da iPhone 4 a 2010, da farko ta Wi-Fi kaɗai, sai a 2012 ya fara bin layin salula. A Nuwamban 2016 WhatsApp ya buɗe kiran bidiyo ga mutane sama da biliyan ɗaya da ke amfani da shi. A nan tsohuwar tambayar ta samu amsa, domin duk wanda za ka kira yana ciki, kuma ba minti ake ƙirgawa ba, data ce kawai ke tafiya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: kamfanonin waya suka biya lasisi suka kafa turaku, masu manhaja suka kwashe jama'a.

Nijeriya ta ba da lasisin 3G a 2007, kowanne kan dala miliyan 150, amma yawancinmu ta manhaja muka san kiran bidiyo. Kuma an ga inda buƙatar take tun asali: uwa da ɗanta mai karatu a Masar ko Indiya, maigida mai neman kuɗi a Legas da aka haifa masa jariri a gida, alhaji da ke nuna wa iyalinsa Madina. Annobar korona ta 2020 ta shigar da ofisoshi da makarantu, har masu halartar taro ta manhajar Zoom a kullum suka tashi daga miliyan 10 a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020.

Skype da ya buɗe ƙofar bai tsira ba, mai shi, kamfanin Microsoft, ya rufe shi a Mayun 2025. Kamfanonin waya kuwa, da suka yi mafarkin sayar da fuska minti-minti, yanzu data suke sayarwa, kowa ya yi kiransa da manhajar da ya ga dama.