Zakarpatiya: Ƙasashe Biyar, Gida Ɗaya

Yau tarihinmu ya kai mu yammacin Yukiren, wani yanki mai suna Zakarpatiya, a gindin duwatsun Karpat. Yana iyaka da ƙasashe huɗu: Folan, Silobakiya, Hangari da Romaniya. Babban birninsa Ujgorod.

Wanda aka haifa a can a 1910, in Allah ya ja kwanansa, ya zauna a ƙasashe biyar bai taɓa barin ƙofar gidansu ba. An haife shi a daular Ostiriya-Hangari. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, a 1919, aka haɗa yankin da Cekosilobakiya. Tsakanin 1938 da 1939 Hangari ta karɓe. A 1945 Tarayyar Sobiyet ta haɗiye shi, a 1991 kuma ya wayi gari cikin Yukiren. Duk sauyi da sabon kuɗinsa, da sabon harshen makaranta, da sabon sojan da za a kai yaro.

Mutanen yankin kuwa kala-kala ne. Ƙidayar 2001 ta nuna kusan kashi 80 cikin ɗari ƴan Yukiren ne, ko da yake wasunsu cewa suke su Rusin ne, ƙabila daban. Hangariyawa kusan kashi 12, sai ƴan Romaniya, Rashawa, Romawa, Silobak da Jamusawa. A da akwai Yahudawa da yawa, musamman a garin Mukacebo. A 1944 aka kwashe su a jiragen ƙasa zuwa sansanin Awshwits, akasarinsu ba su dawo ba.

To, ga abin da ya fi taɓa mu. Akwai wani ƙauyen Hangariyawa, Selmens. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ja iyaka ta tsakiyarsa, aka kafa waya mai ƙaya: rabi a Cekosilobakiya, rabi a Sobiyet. Uwa nan, ɗiya can. An hana su magana ta kan waya, sai suka riƙa saka labarin haihuwa da na rasuwa cikin waƙa suna aikin gona, don masu gadi ba su jin Hangariyanci. In an yi rashi, daga bakin waya dangi ke tsayawa su hango jana'iza. Sai a Disamban 2005 aka buɗe ƙofa ga masu ƙafa da masu keke, bayan kusan shekara 60.

Mu da ke da ƴan uwa a Jibiya, Daura da Illela, ai ba a yi mana dogon bayani. Mun ga yadda rufe iyaka a 2019 da 2023 ya sa zuwa gaisuwar mutuwa ya koma ta ɓarauniyar hanya. Tamu wata goma sha ce ta ishe mu, su shekara 60 suka yi. Allah ya kiyaye mana zumuncinmu, amin.