Narambaɗa, Jikan Filinge

Ko'ina aka yi zancen makaɗan sarauta a ƙasar Hausa, sai an ambaci Ibrahim Narambaɗa. Gobirawa suna cewa nasu ne, kuma gaskiyarsu. Amma Kurfayawa ma suna da rabo a cikinsa, gama tushensa na wajen uba yana Filinge.

Mahaifinsa, Maidangwale, ɗan dambe ne. Daga Filinge ya tashi ya nufi gabas, har ya zauna a garin Tubali, wanda yanzu yake cikin Jihar Zamfara ta Nijeriya. Ya auri wata mace mai suna Riba, mutuniyar Badarawa. A Tubali aka haifi Ibrahim, wajen ƙarshen ƙarni na 19. Yana saurayi yana da wata karya da ya ke kira Rambaɗa, don haka mutane suka laƙaba masa Narambaɗa.

Kiɗa kuwa ta wajen uwa ya gaje shi, don kakansa makaɗin kotso ne. Ya fara da kiɗan noma, yana zuga samari a gona. Da muryarsa ta yi nisa, sai ya shiga fadar Isa, ya zama makaɗin Sarkin Gobir Amadu, wanda ya yi sarauta daga 1935 zuwa 1975.

To, me ya bambanta shi da sauran makaɗa? Narambaɗa ba ya sakin magana sai ya auna ta. Yakan kafa gindin waƙa, 'yan amshi su riƙe, sa'an nan ya yi ta ɗora ɗiya a kai, ga yabo, ga habaici, ga zambo ga mai ja da ubangidansa. Waƙarsa da ta fi shahara ita ce Bakandamiya. Akwai kuma Dokin Iska Ɗan Filinge, wadda ta kai sunan garin ubansa kunnen mutanen da ba su taɓa taka Kurfai ba.

Ya rasu a farkon shekarun 1960. Bai rubuta waƙoƙinsa a takarda ba. Waɗanda aka ɗauka a faifai su ne suka tsira, su ne kuma malamai ke nazari a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ma ya rubuta littafi sukutum a kansa.

Saboda haka, 'yan'uwa Kurfayawa, in kun ji muryar Narambaɗa a rediyo, ku kira yara su saurara, ku gaya musu daga ina ubansa ya fito. Allah ya jiƙansa, amin.