Ɗigo ɗaya a cikin jini: tarihin ciwon sikila

 

Duk wanda ya zauna a gabanmu da allo ya san yadda muke matsa wa yara a kan ɗigo. Ka rubuta "rahim" da Larabci, alƙalami ya zame ya sa ɗigo ƙarƙashin ha, sai ta koma jim, kalmar ta zama "rajim". Mai jinƙai ya koma jefaffe. To, ciwon da muke kira amosanin jini, wanda asibiti ke kira sikila, irin wannan zamewar alƙalami ce, sai dai a jikin ɗan Adam ta faru.

Babu lungu a Nima ko Maamobi da ba a san shi ba. Yaro ne da idan hunturu ya shigo ko ruwa ya buge shi, sai ya kwana yana ihu da ciwon gaɓoɓi, ido ya yi rawaya, hannu da ƙafa su kumbura tun yana goye. A da sai a ce iska ce, ko maita, ko kishiya. In an rasa biyu ko uku a ɗaki ɗaya, a ce uwar wabi take yi. Mu ma an sha kawo mana irin waɗannan yara don rubutun sha, kuma sau da yawa uwa ce ke ɗaukar laifi.

Mutanen ƙasar nan sun san ciwon tun kafin Bature ya ba shi suna. Mutanen Ga suna ce masa "chwechweechwe", Tonawa su ce "ahotutuo", mutanen Ewe su ce "nuidudui". Likitan soja Africanus Horton, haifaffen Saliyo wanda ya yi aiki a nan zamanin Gwalkwas, ya bayyana irin wannan ciwon gaɓoɓi na lokacin sanyi a littafinsa na 1874. Amma ganin abin da ido a ƙetare aka fara. A birnin Shikago na Amurka, wani ɗalibin likitan haƙori daga tsibirin Girenada, Walter Clement Noel, ya kwanta asibiti. Da aka duba jininsa a madubin likita, aka ga jajayen ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Likita James Herrick ya buga wannan a 1910. Sunan sikila daga kalmar Turanci ta lauje ya fito.

Ɗalibai, a nan ku ba mu hankalinku. Jiki gini ne na ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Jar ƙwayar jini kewayayya ce, mai laushi, tana lanƙwasa ta ratsa jijiyar da ta fi gashi siranta, kuma tana yin kwana 120 kafin ta mutu. Cike take da wani furotin mai suna himogulobin, wanda ke ɗauko iskar oksijin daga huhu ya raba wa gaɓoɓi. Shi furotin kamar carbi yake: duwatsu ne a jere a zare, ana kiransu amino asid, iri 20 ne. Himogulobin carbi huɗu ne a cure wuri guda, biyu ana ce musu alfa, kowane da dutse 141, biyu ana ce musu beta, kowane da 146. Tsarin jerin kuwa a rubuce yake cikin DNA, wato rubutun gado da yaro ke karɓa, rabi daga uba, rabi daga uwa.

A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Kalifoniya suka sa wa himogulobin lantarki, suka ga na mai sikila ba ya tafiya kamar na sauran mutane. Ashe aibin a jikin furotin ɗin yake. Daga nan Vernon Ingram a Kambirij ta Ingila, a 1956 da 1957, ya daddatsa carbin ya nemo dutsen da aka musanya. Ɗaya ne tak, kuma shi ne na shida a zaren beta: inda ya kamata a sami gulutamik asid, sai aka sami balin. A cikin DNA harafi ɗaya ne ya canza, GAG ta zama GTG. Shi balin ba ya jituwa da ruwa, saboda haka da zarar oksijin ta yi ƙaranci sai himogulobin su manne da juna su zama dogayen sanduna, ƙwayar ta sandare ta zama lauje. Laujen ya toshe ƙananan jijiyoyi, ihun da kuke ji ke nan. Kuma ba ya wuce kwana 10 zuwa 20 ya fashe, shi ya kawo ƙarancin jini da rawayar ido.

Me ya sa abin ya yi yawa a wajenmu? Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka a 1954 cewa wanda ya gaji S daga gefe ɗaya kawai, wato AS, ya fi tsira daga zazzabin cizon sauro mai tsanani. Kakanni masu AS suka rayu suka hayayyafa. Mai AS ba majinyaci ba ne, kada a tsangwame shi.

Wanda ya dawo da wannan ilimi gida shi ne Farfesa Felix Konotey-Ahulu, wanda a shekarun 1960 ya fara duba masu sikila a Korle Bu, nan Ankara. Ya bi salsalar gidansu na Krobo, kaka bayan kaka, har zuwa 1670, ya nuna yadda ciwon ya bi jini. Mu da muke girmama isnadi, wannan aiki ya burge mu. Bayansa Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, wanda shi ma aka haifa masa ɗa da ciwon, ya fara gwajin jarirai a Kumasi a 1995. Abin da aka gani shi ne kusan jariri ɗaya cikin 50 yana da ciwon. Ganewa da wuri na da amfani, don ana fara ba yaro fenisilin da rigakafi kafin cututtuka su kama shi.

Akwai abin da ya shafe mu 'yan Zango musamman. Ban da S akwai C. A wannan dutse na shida dai, maimakon balin sai a sami laisin. An gano shi a 1950, kuma a duk duniya ba inda ya fi yawa kamar arewacin Gana da Burkina Faso, ƙasashen Mosawa da Dagombawa da maƙwabtansu. Ku duba sahun sallarmu, mutum nawa ne asalinsu can? Yaron da ya gaji S daga gefe ɗaya, C daga ɗayan, yana da ciwon, ana ce masa SC. Galibi ya fi SS sauƙi, amma yana taɓa ido da ƙugu, kuma wani sai ya girma ake ganewa.

Lissafin ba wuya. AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. AS ya auri AC, ɗaya cikin huɗu ya zo SC. Mun ce kowane ciki, don wasu na zaton in an haifi ɗaya shi ke nan, uku na gaba sun kuɓuta. Ba haka ba ne. Kuma uba da uwa kowa ya ba da rabinsa, don haka dangin miji su daina ɗora wa amarya.

Shi ya sa muke tambayar takardar gwaji kafin ɗaurin aure, wasu iyaye har suna jin haushinmu. Ba mu ce aure ya haramta ba, hukuncin na ma'aurata ne da waliyyansu, amma su yanke shi da sani. Mun fi so a yi gwajin tun kafin a kai goro, lokacin da fasawa ba ta zama abin kunya ba. In kun je asibiti, ku lura: ƙaramin gwajin nan da ake cewa an ga sikila ko ba a gani ba, S kawai yake kamawa, mai AC zai wuce a ce masa lafiya lau. Ku nemi na lantarki, ilektoroforesis, jikan wanda Pauling ya yi, wanda zai rubuta muku haruffa biyu a takarda: AA, AS, AC, SS, SC ko CC.