Tarihin Keɓaɓɓun Kalmomin Kwamfuta da Ɗab'in Zamani, da Matsayinsu a Hausa

A cikin wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin bin diddigin wasu kalmomi da ake amfani da su wajen aikin kwamfuta da wallafa, domin mu ga inda suka samo asali, sa'an nan mu dubi yadda suka shigo Hausa da irin matsalolin da shigowar tasu ta haifar.

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne, yawancin waɗannan kalmomi sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun daga wajejen 1450 da Gutenberg ya kafa maɗaba'arsa a Jamus, masu ɗab'i sukan jera haruffan ƙarfe ne da hannu. Sukan ajiye manyan baƙaƙe a akwatin sama, ƙanana a akwatin ƙasa, har yau kuwa da sunan akwatunan nan biyu ake kiransu a Ingilishi. Haka kuma tazarar da ke tsakanin layi da layi ta sami sunanta daga sillen dalma da ake cusawa tsakaninsu. Yankewa da mannawa ma aikin editoci ne, da almakashi da gam, kafin Larry Tesler da abokan aikinsa na kamfanin Xerox su mayar da su umarnin na'ura tsakanin 1973 da 1976. A 1981 kamfanin ya fitar da kwamfutar da aka fasalta fuskarta tamkar teburin akawu, da fayil-fayil a kansa, kana a 1985 kamfanin Aldus ya fito da PageMaker, wadda ta ba mutum ɗaya damar tsara littafi a ɗakinsa. Ashe ke nan Turawa sun ɗauki tsofaffin kalmomin sana'o'insu ne suka faɗaɗa ma'anarsu.

To, Hausa ma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun kafin zuwan boko malamanmu suna da allo da tawada da alƙalami, suna da kundi da gafaka da zayyana. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sai kalmomin ɗab'i suka yawaita a bakin jama'a. Daga baya Hukumar Harshen Hausa ta 1955 da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da aka kafa a Kano a 1969 suka ɗauki nauyin daidaita sababbin kalmomi, har aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi a 1990, wanda Dalhatu Muhammad ya tace.

Amma kalmomin kwamfuta ta wata ƙofa dabam suka biyo. Gidajen rediyo da 'yan jarida da masu sana'ar waya ne suka raɗa mafi yawansu, kuma da Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya bi baya a 2016, sai abin ya ƙara bazuwa. In muka duba za mu ga hanyoyi uku aka bi. Akwai aro kai tsaye, kamar kwamfuta da intanet da fayil. Akwai faɗaɗa ma'ana, kamar allo da shafi da linzami da wallafa. Akwai kuma fassara, kamar yanar gizo da rumbun bayanai. A ganinmu ta biyun ta fi kama ƙasa, domin wanda ya taɓa riƙe linzamin doki ba ya bukatar dogon bayani kan aikin linzamin kwamfuta.

Sai dai rashin mai tsawatawa ya bar baya da ƙura. Alal misali, kalmar manhaja, wadda muka aro daga Larabci, a makarantunmu tsarin karatu take nufi, yanzu kuma ta zama sunan umarnin da ke tafiyar da na'ura, har ɗalibin koyon malanta kan rasa wadda ake nufi in an ce a sabunta manhaja. Haka nan ana kiran intanet da yanar gizo kamar abu ɗaya ne, alhali intanet ita ce hanyar da ta haɗa na'urori, yanar kuwa tsarin shafuka ne da Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro a 1989 ya ɗora a kanta.

Saboda haka muna ba da shawara ga sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilimi, na Nijeriya da na Nijar, su haɗu da 'yan jarida da masanan kwamfuta, su tattara kalmomin da jama'a suka riga suka karɓa, su tace su, su buga su cikin ƙamus guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In aka yi sakaci, yaranmu za su tashi suna karatu da Hausa, amma in sun zauna gaban na'ura dole su koma wani harshe.